Rediyon memori mai karatun manyan bukukuwan Katolika da Hausa: ta yi, amma ku tambayi shekararta

Abin da ake sayarwa a zahiri memori ne, rediyon rakiya ta yi. 'Yar ƙarama ce irin ta China wadda masu shayi ke ratayawa a jikin rumfa, da tocila a gefe, da ɗan faifan sola a bayanta, da madannai daga 0 zuwa 9. A cikin memorin an naɗi karatun Mas, wato babbar sujadar Katolika, na manyan bukukuwan shekara da Hausa, kowane biki da karatu na fari, da Zabura, da karatu na biyu, da Bishara, sannan wani Fada ya yi bimbini na 'yan mintoci a kansu. Na same ta a shagon kayan ibada da ke jikin wata majami'a a Kaduna, a farkon 2025, kuɗinta kuma ya yi kusa da na ƙaramar waya mai madannai. Inna na saya wa, tana ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, ba ta karatu, idonta ma ya fara rauni. Ni mai karatu ne a majami'armu nan Kaduna, saboda haka na saurari duk abin da ke ciki kafin in aika, kuma duk lokacin da na je gida muna saurare tare.

Jikin rediyon ba sai na daɗe a kansa ba. Batirin yana riƙe caji sosai in ba a kunna tocilar ba. Faifan solan kusan ado ne, ko ta yini a rana abin da za ta samu kaɗan ne, sai an kai ta wurin masu cajin waya ranar kasuwa. Sauti yana fita garau a ɗaki, amma in aka ƙure shi don mutanen tsakar gida su ji, lasifikar sai ta riƙa karkarwa. Ramin memori ba shi da murfi, ƙurar hunturu ta taɓa shiga har ta daina karantawa, sai da ƙanena ya hura ya goge. Yanzu mun manna masa ɗan salatif. Abin da na fi yaba mata shi ne in an kashe ta, an sake kunnawa, daga inda aka tsaya take ci gaba. Ana danna lamba ta kai mutum bikin da yake so, lambobin kuwa suna rubuce a wata takarda da aka naɗe a kwalin. Inna ta san lamba saboda waya, don haka ta haddace nata: ta san 3 Kirsimeti ce, ba ruwanta da takarda.

Wanda yake birni ba lallai ya gane amfanin wannan abu ba. A ƙauyukanmu Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, don majami'u da yawa ke wuyansa, kuma ranar babban biki a hedikwatar faris, wato babbar majami'ar yankinsa, yake. Baba Katikis, wato mai koyar da addini da ke taimaka wa Fada, shi ne ke jan sujada. Yana iyakar ƙoƙarinsa, amma shi ma manomi ne, littafinsa ya tsufa, wasu shafukan sun fita. Tun da aka ba Katsina dayosis nata, wato yankin da Bishop ke kula da shi, a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, an ƙara jin maganar buƙatar kayan ibada da Hausa, amma kafin abu ya iso bakin ƙofar tsohuwa irin Inna akwai tafiya. Ita rediyon nan ta iso.

Kirsimeti ce ta fara nuna min masu aikin sun san abin da suke yi. Mutane da yawa ba su san Kirsimeti tana da Mas huɗu ba, kowanne da karatunsa: na jajibiri, na dare, na asuba, na rana. Duka huɗun suna ciki. A garinmu na dare kawai aka saba yi, wato Ishaya 9, da wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, da Luka 2, labarin ƙidayar da Kaisar Augustus ya sa aka yi da makiyaya da komin dabbobi. Na rana kuwa Ishaya 52 ne, da farkon Ibraniyawa, da Yohanna 1:1-18, inda babu jariri, babu makiyaya, sai maganar Kalman da yake tun fil azal ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Inna ta ce min ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin an karanta wannan ranar Kirsimeti ba. Bimbinin ya haɗa biyun da kyau. Ya ce Luka ya nuna mana abin da idon makiyayi ya gani, Yohanna kuma ya faɗi ko wane ne wancan da aka gani. Ya tsaya a kan ƙidayar, yadda umarnin wani sarki a Roma ya tayar da mace mai tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, bai kuma yi dogon sharhi ba, don duk wanda ya taɓa barin gona ya yi layin rajista ya riga ya fahimta.

Inda kuɗina ya fita shi ne daren Ista. Sujadar wannan dare karatu tara gare ta: bakwai daga Tsohon Alkawari, ɗaya daga Romawa 6, sannan Bishara. Doka ta yarda a rage na Tsohon Alkawarin in akwai dalili, amma ba a taɓa barin Fitowa 14, ƙetare Bahar Maliya. A yankinmu dalilin a fili yake. Saboda halin tsaro ba a kai wa tsakar dare, ana so kowa ya koma gida da wuri, sai a karanta uku a wuce. Shekara da shekaru haka ake yi, har wasu sun ɗauka ukun ne ke nan. A memorin nan an karanta duka, kowanne da Zaburarsa, kuma nan ne kaɗai aka raba su lamba-lamba, ana iya komawa kan wanda ake so.

Bimbinin wannan dare ruwa ya bi. Ya fara da Farawa 1, Ruhun Allah a kan ruwaye kafin a yi komai. Ya zo Fitowa, ruwan da ya dāre Isra'ilawa suka wuce, ya kuma rufe rundunar Fir'auna. Ya zo Ishaya 55, inda ake kiran duk mai ƙishi ya zo wurin ruwa ko ba shi da kuɗi. Ya zo Ezekiyel 36, alkawarin yayyafa tsattsarkan ruwa da musanya zuciyar dutse da ta nama. Daga nan sai Romawa 6, inda Bulus ya ce a baftisma an binne mu tare da Kristi domin mu tashi tare da shi. Sai ya ce to ga dalilin da ya sa a wannan dare ake tsarkake ruwa, ake yi wa sababbi baftisma, tsofaffi kuma su sabunta alkawarinsu. Ni da nake tsayawa a gaban jama'a ina karanta waɗannan nassosi, wannan ne bayani mafi tsabta da na ji a kansu da Hausa. Ba a kawo wata sabuwar koyarwa ba, an dai nuna cewa wanda ya jera karatun nan da niyya ya jera su.

Karatu na biyu a jerin, Farawa 22, Ibrahim da ɗansa Ishaku a kan dutse, nan ma na yaba da yadda aka bi da shi. Mu da maƙwabtanmu Musulmi gida ɗaya muke, wasu ma uwa ɗaya uba ɗaya, kuma labarin ragon nan shi ne tushen Layya a wurinsu, ko da yake a wajensu Isma'ila ne ɗan. Fadan ya faɗi wannan cikin jimla ɗaya, da ladabi, ya koma kan nasa, wato ɗan da ya ɗauki itacen hadayarsa a kafaɗa ya hau dutse. Rediyon da za a kunna a tsakar gida kowa na ji, haka ya kamata ta yi magana.

Sai Baruk, karatu na shida. Littafi Mai Tsarki da ke yawancin gidajenmu mai littattafai 66 ne, na Katolika kuwa 73, ƙarin su ne Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu, da wasu sassa na Esta da Daniyel. Duk mai karatu ya san wahalar nan: a ba ka Baruk 3, ka koma gida ka yi shiri, ka duba littafinka daga bango zuwa bango babu shi. Samun sa a kunne da Hausa, da Sirak 3 na bikin Iyali Mai Tsarki, ba ƙaramin abu ba ne.

Masu karatun mutum biyu ne. Namijin Hausarsa ta Zazzau ce, a natse yake, yana tsayawa inda ma'ana ta tsaya. Macen daga jin harshenta ta wajen Filato ce ko kudancin Kaduna, muryarta tana da daɗi, amma tana sauri a wasiƙun Bulus, inda kuwa jimla ɗaya kan ci aya huɗu, can ne ya fi kamata a ja birki. Zabura rerawa aka yi, da amshi mai sauƙin kamawa, matan Zumunta a garinmu har sun ɗauki biyu suna yi a coci. Abin da ya ɓata min rai shi ne Juma'a Mai Kyau. An karanta Ishaya 52 da 53, Bawan nan mai shan wuya, lafiya lau. Da aka zo Yohanna 18 da 19 sai aka sa kiɗan piyano mai ban tausayi a ƙarƙashin karatun tun daga lambu har kabari. Ranar da ko Mas ba a yi, bagade tsirara, ƙararrawa shiru, me ya kawo piyano? Ga shi yana danne murya, tsoho mai nauyin kunne sai ya rasa rabin maganar Bilatus.

Bimbinin da ya fi rauni shi ne na 15 ga Agusta, Ɗaukar Maryamu zuwa Sama. Karatun ranar masu nauyi ne. Ru'ya ta Yohanna daga 11:19, an buɗe Haikali a sama an ga akwatin alkawari, sai ga mace sanye da rana, wata a ƙarƙashin ƙafafunta, da rawanin taurari 12, ga macijin nan yana jiran ta haihu. Sai 1 Korintiyawa 15 a kan tashin matattu, sai Luka 1:39-56, ziyarar Maryamu gidan Alisabatu da waƙar da ta yi. Wanda ya yi bimbinin, ba muryar da ta yi na Ista ba ce, ya bar duk wannan ya kama maganar suturar 'yan mata da biyayyar matan aure. Ko an yarda da abin da ya faɗa, ba shi ne karatun ranar ba. Ga abin faɗi a gabansa: akwatin alkawari ya yi wata uku a gidan Obed-edom a 2 Sama'ila 6, Dawuda ya yi rawa a gabansa, Maryamu ta yi wajen wata uku a gidan Alisabatu, ɗan da ke ciki ya motsa don murna. Shi ya sa aka haɗa akwatin da Maryamu a rana ɗaya. Kuma tsakiyar Agusta a ƙasarmu lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A karanta wa manomi cewa Allah ya ƙosar da mayunwata da alheri, ya sallami mawadata hannu wofi, a wannan makon, sannan a wuce ba a ce komai ba, an yi asarar dama. Ya kamata kuma a faɗa wa mutane gaskiya cewa babu ayar da ta ba da labarin ɗaukar Maryamu kai tsaye, tsohon imanin Ikilisiya ne wanda Paparoma Pius na 12 ya tabbatar ranar 1 ga Nuwamba 1950. Yaranmu suna shan wannan tambaya daga abokansu na wasu ikilisiyoyi, gara su ji amsar daga gida.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda ba a rubuta a kwali ba, ba a kuma faɗa a cikin memorin ba. Bayan taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, an sake tsarin karatun Mas, sabon ya fito a 1969. Karatun Lahadi da na wasu bukukuwa yana juyawa ne shekara uku: shekarar A ta Matiyu, B ta Markus, C ta Luka, Yohanna kuma yana shigowa musamman a Azumin da ake yi kafin Ista da lokacin Ista. Gane shekara ba wuya: wadda 3 ta raba ta ba saura ita ce C. 2025 C ce. Kuma shekarar Ikilisiya ba a Janairu take farawa ba, a Lahadin farko na Adben, wato lokacin shirin Kirsimeti, take farawa, don haka tun 30 ga Nuwamba 2025 aka shiga A. Memorin nan na C ne kaɗai.

Ga bukukuwa da yawa wannan bai dame su ba, don karatunsu ba ya canzawa: Mas ɗin Kirsimeti, 1 ga Janairu, zuwan masanan taurari, Larabar Toka, Alhamis Mai Tsarki, Juma'a Mai Kyau, 15 ga Agusta, Dukan Tsarkaka ranar 1 ga Nuwamba, da 8 ga Disamba. Amma Lahadin Dabino, Bisharar daren Ista, Bisharar Hawan Yesu zuwa Sama, Triniti, Jiki da Jinin Kristi, da Kristi Sarki, duk suna bin shekara.

Lahadin Dabino na 2026 Inna ta kira ni bayan an tashi coci.

"Baba Katikis ya tsallake wuri yau."

"Wane wuri, Inna?"

"Ɓarawon nan da ya ce a tuna da shi. Na yi ta jira, har aka sauko da gawa ban ji shi ba. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, Baba, ina ka kai ɓarawon?"

Baba Katikis bai tsallake komai ba. Ɓarawon da ya tuba a Luka 23 kaɗai yake. A Matiyu, wanda shi ne na 2026, 'yan fashin biyu duka zagi suka yi. Inna ta kwana tana sauraron Luka, ta je coci aka karanta Matiyu. An yi dariya an wuce, amma dattijo ne aka tuhuma a gaban mutane a kan abin da ya yi daidai, kuma wata tsohuwar ba za ta kira kowa ta tambaya ba, za ta riƙe a ranta cewa katikis ba ya iya karatu. Haka ma abin yake ranar Kristi Sarki, bikin da Paparoma Pius na 11 ya kafa a 1925, wanda a Najeriya shi ne ranar da ake fita zagayen gari da Jikin Kristi, tunda ainihin bikin Jiki da Jini cikin damina yake faɗowa. Memorin yana da Luka 23, Sarki a kan gicciye, bimbininsa ma mai kyau ne. Amma a shekarar A Matiyu 25 za a karanta, tumaki da awaki, na ji yunwa kun ba ni abinci, a B kuma Yohanna 18, Yesu a gaban Bilatus. Sai Adben na 2027 memorin zai sake dacewa da coci gaba ɗaya. Da an sa jimla ɗaya a farkon kowane irin wannan biki cewa wannan na shekarar C ne, da an huta.

Akwai kuma abubuwan da babu. Babu 1 ga Oktoba, bikin Maryamu Sarauniyar Najeriya, abin mamaki ga aikin da aka yi a Najeriya. Babu 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu, wadda tsofaffinmu suka fi riƙewa fiye da bukukuwa da dama. Babu ko ambaton Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda ake tunawa da shi ranar 20 ga Janairu, wanda Paparoma John Paul na biyu ya ɗaukaka a 1998 lokacin da ya zo ƙasar nan. A takardar lambobi kuma an rubuta Zabura da ƙidayar tsohon littafin Latin, wadda a yawancin Zabura take baya da ɗaya. An sa 103 a Fentikos, a Littafinmu na Hausa kuwa 104 ce. Wanda ya buɗe 103 zai sami wata Zabura dabam ya yi zaton kuskure ne. Ban da daren Ista, kowane biki a dunƙule yake a lamba ɗaya, in kana son sake jin Bishara kaɗai sai ka danne madannin gaba kana lalube.

Shagon kansa ba ni da ƙorafi a kansa. Sistar da ke wurin ta kunna rediyon a gabana, ta gwada caji, ta nuna min yadda ake cire memori. Da na koma da maganar shekara ba ta yi musu ba.

"Gaskiyarka, Malam. Ba kai ne na fari ba. Masu aikin sun ce suna naɗar A da B, in sun gama ka kawo memorin a ƙara maka, ba sai ka sake biya ba."

"Yaushe ke nan, Sista?"

"Wannan kam sai dai mu sa su a addu'a."

Ta kuma roƙe ni kada in bari a kwafe memorin a shagon masu tura waƙa, don da kuɗin ake biyan ɗakin naɗar sauti. Na ga hujjarta, ko da yake na san rabin garinmu da Bluetooth za su same shi ko na yarda ko ban yarda ba.

Wanda yake da tsoho ko tsohuwa da ba sa karatu, ko mai karatu da ke son jin yadda nassi ke sauka a kunne kafin ya hau mumbari, ko katikis da ke neman bakin zaren wa'azi, ya saya, daren Ista da Kirsimeti kaɗai sun biya kuɗin. A saurara a gida daren jajibiri. Kada a ɗora ta a kan bagade ta maye gurbin mai karatu, na ji an fara yin haka a wani ƙauye, ba don haka aka yi ta ba. Kafin ka biya ka tambayi shekarar da aka naɗa, in mai shagon bai sani ba, ka danna Lahadin Dabino ka ji sunan mai Bisharar da za a ambata. Ni dai na ɗauki jan biro na zagaye lambobi shida a takardar Inna, na ce wa ƙanena duk ranar da ɗayansu ya zo ya karanta mata Bisharar ranar daga littafi, ya bar rediyon ta yi sauran da suka dace.